Gaban Mota Ba Wayar Hannu Ba Ne: A Dawo Wa Direba Da Maɓallansa

Tun daga farkon shekarar 2026, hukumar nan mai auna ingancin kariyar sababbin motoci a nahiyar Turai, wadda aka fi sani da Euro NCAP, ta shigar da wani sharaɗi cikin ma'auninta, wanda da a ce shekaru 20 da suka wuce aka ambace shi da mutane sun yi dariya. Sharaɗin kuwa shi ne, duk motar da ke neman cikakken maki sai ta tanadar wa direba maɓalli ko mariƙi na zahiri, wanda hannu zai iya lalubawa ya kama, domin ayyuka guda biyar: sigina, fitilun gargaɗin haɗari, waifa mai share gilashin gaba, hon, da kuma kiran agajin gaggawa. Motar da ta cusa waɗannan ayyuka cikin allon taɓawa za ta rasa maki, abin da ke iya hana ta samun taurari biyar ɗin da kamfanoni ke tinƙaho da su wajen talla. Ma'ana dai, an kai matsayin da sai an tuna wa manyan injiniyoyin duniya cewa direba na bukatar ya kunna waifa ba tare da ya ɗauke idonsa daga kan hanya ba.

Wannan jarida na ganin matakin ya yi daidai, illa dai ya zo a makare. Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa mu da ƙa'idar da aka shimfiɗa wa motocin Turawa. Amsar ba ta da nisa. Mafi yawan motocin da ke yawo a titunanmu ba mu muka ƙera su ba, kuma ba sababbi muke sayen su ba. Sai sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka sannan a loda su a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Duk abin da aka girka a gaban mota a can bana, shi ne direban Kano da na Kaduna da na Maraɗi zai zauna a gabansa nan da 'yan shekaru. Kuskuren da suka yi mu za mu gada, kuma za mu gaje shi ne a lokacin da ya tsufa.

Allon taɓawa a mota ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato. Tun a 1986 kamfanin General Motors na Amurka ya sanya shi a motarsa ƙirar Buick Riviera, inda ya tattara rediyo da na'urar sanyaya mota cikin wani ɗan allo. Masu motar suka yi ta ƙorafin cewa yana ɗauke musu hankali, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin ya cire shi. Maganar ta kwanta har zuwa 2007, lokacin da wayar iPhone ta fito ta koya wa duniya shafa gilashi da yatsa. A 2012 kamfanin Tesla ya fitar da motarsa Model S da allo mai inci 17 a tsakiyar gabanta, sannan a 2017 ya fito da Model 3, wadda a cikinta hatta buɗe akwatin ajiyar takardu da karkata iskar sanyi sai ta allo. Ganin kasuwar Tesla ta buɗe, sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa na neman allonsa ya fi na wani girma, har ta kai ga a 2021 kamfanin Mercedes-Benz ya shimfiɗa gilashi mai inci 56 daga wannan ƙofa zuwa waccan a motarsa EQS.

Masu ƙera motoci sun sha faɗin cewa abin da masu saye ke so ke nan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin babban allo mai walƙiya yana burge mutum a ɗakin baje koli. Amma akwai dalilin da ba su cika son ambata ba, shi ne kuɗi. Kowane maɓalli sai an zana shi, an ƙera shi, an ja masa waya, an gwada shi sau dubbai don a tabbatar ba zai lalace da wuri ba, sannan ma'aikaci ya ɗaura shi a mazauninsa. Tun daga watan Mayun 2018 kuwa dokar Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar ƙaramar mota kyamarar duba baya, wanda ke nufin dole a samu wani allo a gaban direba. Tunda allon ya zama tilas, ƙara masa aikin maɓalli 30 ko 40 bai wuce rubuta manhaja ba, kuma manhaja guda na iya yi wa motoci iri-iri aiki a ƙasashe daban-daban. Abin da aka tallata wa jama'a da sunan ci gaba, babban ɓangarensa tsimi ne na kamfani, wanda direba ke biya da hankalinsa.

Duk wanda ya taɓa tuƙa Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko wata tsohuwar Toyota, ya san abin da muke nufi. Bayan mako guda da riƙe motar, hannu ya haddace mazaunin komai. Direba na iya rage ƙarar rediyo ko ƙara iskar fanka cikin duhun dare, yana kuma kallon hanya, domin yatsa na gane maɓalli da siffarsa, kunne na jin ƙarar shigarsa, abin murɗawa kuma yana sanar da hannu inda ya tsaya. Allon taɓawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gilashi ne sumul, ko'ina ɗaya yake a wurin yatsa, saboda haka dole ido ya raka hannu, ya nemo alamar, ya tabbatar an taɓa daidai, sannan ya duba ko umarnin ya shiga. In abin da ake nema yana ɓoye a shafi na biyu ko na uku, sai a maimaita wannan zirga-zirga sau biyu ko sau uku. In kuwa hanyar mai gargada ce, yatsa ya kauce ya taɓa wani abu dabam, sai a koma farko.

Lissafin abin da wannan ke jawowa ba ya bukatar masani. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya kalli allo na daƙiƙa huɗu ya shafe fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa bai ga abin da ke gabansa ba. Shi ya sa tun a 2013 hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka ta shawarci kamfanoni da kada wani aiki a gaban mota ya bukaci kallo guda da ya wuce daƙiƙa biyu, kada kuma jimillar kallon ta wuce daƙiƙa 12. Sai dai shawara ce kurum, ba doka ba, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yadda aka yi watsi da ita.

A 2017 gidauniyar AAA ta Amurka tare da Jami'ar Utah suka gano cewa shigar da adireshi cikin taswirar mota na cinye wa direba kimanin daƙiƙa 40. A 2020 cibiyar binciken sufuri ta TRL a Birtaniya, bisa buƙatar ƙungiyar IAM RoadSmart, ta auna saurin da direba ke mayar da martani ga abin da ya ɓullo masa. Ta samu cewa wanda ke latsa allo ta manhajar Apple CarPlay ko Android Auto, jinkirinsa na ƙaruwa da fiye da kashi 50 cikin ɗari, alhali wanda ya sha barasa daidai iyakar da dokar ƙasar ta amince, nasa jinkirin kashi 12 ne cikin ɗari. Wato abin da doka ke kama mutum a kansa bai kai illar abin da kamfani ya girka masa da hannunsa ba.

Gwajin da ya fi jan hankalin duniya shi ne wanda mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta gudanar a 2022. Ta tara sababbin motoci 11 a wani filin jirgin sama, ta haɗa su da tsohuwar Volvo V70 ƙirar 2005 wadda ba ta da allon taɓawa. Aka bai wa direbobi lokaci su saba da kowace mota, sannan aka ce su yi wasu 'yan ayyuka na yau da kullum, kamar ƙara ɗumin mota, da kamo wata tashar rediyo, da rage hasken fitilun gaban direba, suna gudun kilomita 110 a sa'a. A tsohuwar Volvo an kammala komai cikin daƙiƙa 10, bayan tafiyar mita 306. A motar da ta zo ta ƙarshe, MG Marvel R, sai da aka ɗauki kusan daƙiƙa 45, aka shafe mita 1,372. Motar da ta shekara 17 ta kayar da duk sababbin. Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin sababbin motocin, Dacia Sandero da Volvo C40, sun gama cikin ƙasa da daƙiƙa 14, wanda ke nuna cewa yawan abin da aka cusa wa allon da yadda aka tsara shi su ne tushen matsalar.

Maganar ta kai har gaban alƙali. A 2020 wata babbar kotu a birnin Karlsruhe na Jamus ta tabbatar da hukuncin tarar Yuro 200 da dakatar da tuƙi na wata guda a kan wani direban Tesla da ya saki hanya ya faɗa gefe, a lokacin da yake ƙoƙarin daidaita saurin waifa ta allo ana tsaka da ruwan sama. Kotun ta ɗauki allon a matsayin na'urar lantarki irin wadda doka ta taƙaita amfani da ita yayin tuƙi. Ta fuskar doka hukuncin na da madogara, amma ya bar tambayar da har yanzu ba a amsa ba. Idan kamfani ya ɓoye saurin waifa a wurin da ba a isa gare shi sai an kalli allo, sannan doka ta hukunta wanda ya kalla, ina alhakin wanda ya ɓoye?

Ba a kan tudu kaɗai aka koyi wannan darasi ba. A watan Agustan 2017 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS John S. McCain ya yi karo da wani jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojojin ruwa 10 suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan ƙarancin horo da gajiya da raunin sa ido, amma sun kuma nuna cewa tsarin sarrafa jirgin ta allon taɓawa ya rikita matuƙan, har suka kasa gane wane ne ke riƙe da akalar jirgin a wannan lokaci. A 2019 rundunar ta bayyana cewa za ta mayar da mariƙan hannu na zahiri a irin waɗannan jirage. Idan sojan da aka horar, wanda ke da abokan aiki a gefensa, zai ruɗe a gaban allo, ina ga magidancin da ya kwaso yara daga makaranta yana kutsawa cikin cunkoson yamma?

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da allon ya zo da shi na alheri. Kyamarar duba baya ta tsirar da yara ƙanana da dama waɗanda da ba za a gan su ta madubi ba. Taswirar da ke nuna hanya ta fi takardar da ake buɗewa a kan sitiyari aminci. Motar zamani na da ɗaruruwan abubuwan da ake iya daidaitawa, kuma da za a bai wa kowanne maɓallinsa da gaban motar ya zama dajin da ba mai iya ratsawa. Akwai kuma masu cewa umarnin murya zai warware matsalar baki ɗaya. Wataƙila wata rana, amma a yau waɗannan na'urori kan gaza fahimtar mai magana idan akwai hayaniya ko karin harshensa ya bambanta da wanda aka horar da su a kai, kuma ba da Hausa aka gina su ba. Don haka ba cewa muke a fasa allo a koma zamanin da ba. Abin da muke cewa shi ne a raba aiki: abin da ake daidaitawa sau ɗaya mota na tsaye, a bar wa allo, abin da hannu ke nema mota na gudu, kamar sigina, waifa, fitila, iska, ƙarar rediyo da giya, a ba shi mazauninsa na dindindin wanda ba ya canzawa.

Wasu kamfanonin ma sun fara amsa laifinsu. Volkswagen ya sha suka a kan Golf ta takwas da kuma ID.3, waɗanda aka sanya wa wurin shafawa domin ƙara sauti da ɗumi, amma aka bar shi babu haske, ta yadda da dare direba ba ya ganin inda zai taɓa. A 2022 shugaban sashen motocin Volkswagen, Thomas Schäfer, ya sanar da dawo da maɓallai a kan sitiyari, sannan a 2025 babban mai zanen motocin kamfanin, Andreas Mindt, ya yi alkawarin cewa sababbin motocinsu za su zo da maɓallai na zahiri domin muhimman ayyuka irin su sauti, ɗumi, fanka da fitilun gargaɗi. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu shi ma ya amsa cewa gwajin da ya yi da masu saye ya nuna masa suna fusata idan suka rasa abin da suke nema cikin gaggawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ya kamata a tuna cewa miliyoyin motocin da aka riga aka ƙera a shekarun yayin allo suna nan, kuma ba a Turai za su ƙare rayuwarsu ba.

A nan ne maganar ta fi shafar mu. Maɓalli in ya lalace, shi kaɗai ya lalace. Bakanike ko mai gyaran waya zai nemo wani a Kofar Ruwa ko Panteka ya musanya, mai mota ya kama gabansa. Allo kuwa in ya mutu, yakan tafi da duk abin da aka danƙa masa. A 2021 sai da Tesla ya yi kiranyen motoci kusan 135,000 a Amurka saboda wani ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai da ke cikin allon yana ƙarewa da tsufa, kuma in ya ƙare direba na rasa kyamarar baya da hanyar kunna na'urar share raɓar gilashi. A can akwai hukumar da ta matsa wa kamfanin ya gyara. Wanda ya sayi irin wannan mota hannu na uku a nan, wa zai kai wa kuka? Ga zafin bazara da ke gasa gaban motar da aka ajiye a rana, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, ga hasken tsakar rana da ke dusashe abin da ke kan gilashi. Sannan hanyoyinmu cike suke da ramuka, da babura, da dabbobi, da masu tafiya a ƙasa, waɗanda ba sa bai wa direba damar ɗauke ido ko na ƙiftawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma Afirka, wadda ke da kusan kashi uku cikin ɗari na motocin duniya, ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-mace. Wanda ke cikin irin wannan hali ba ya bukatar ƙarin abin da zai raba masa hankali.

Abin takaici shi ne mu ma da kanmu muna ƙara wa wutar fetur. Ya zama yayi mutum ya sayi mota mai lafiyayyun maɓallai, ya kai ta a cire rediyon da ta zo da shi a dasa masa babban allo mai manhajar Android. Allunan da kamfanoni ke sanyawa galibi suna hana kallon bidiyo idan mota na tafiya, amma waɗannan na kasuwa sau da yawa babu abin da ke hana su. Ba baƙon abu ba ne a ga direba, har da na haya mai ɗauke da rayukan jama'a, yana tuƙi fim na gudana a gabansa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a bayan sitiyari.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun kafa ta a 1988 take da alhakin wayar da kan direbobi, da ta faɗaɗa yaƙin da take yi da amfani da waya yayin tuƙi ya haɗa da allon gaban mota, musamman kallon bidiyo, tare da shigar da batun cikin darussan makarantun koyon tuƙi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa da hukumar da ke tsara harkar ƙera motoci su duba yiwuwar shimfiɗa ƙa'ida a kan allunan da ake shigowa da su, ta yadda ba za su nuna bidiyo ba sai mota na tsaye. Ma'aikatu da kamfanonin da ke sayen motoci da yawa a lokaci guda su sanya sauƙin sarrafawa cikin sharuɗɗan sayensu, domin kasuwa ba ta jin kira sai na mai kuɗi a hannu. Ƙungiyoyin direbobi kuma su tsawata wa 'ya'yansu tun daga tasha.

Ga mai karatu da ke shirin sayen mota, shawararmu mai sauƙi ce. Kafin ka biya, zauna a kujerar direba mota na tsaye, ka rufe ido, ka gwada kunna waifa, da fitilun gargaɗi, da rage sauti, da ƙara iska. Idan hannunka ya same su, motar ta san aikinta. Idan kuwa sai ka buɗe ido ka shiga lalube a gilashi, to ka sani haka za ka yi a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna da dare ana ruwa, iyalinka na zaune a baya. Wanda kuma ya riga ya mallaki irin wannan mota, ya daidaita taswira da rediyo da iska tun kafin ya tayar, in wata buƙata ta taso a hanya ya samu wuri ya tsaya. Turawan da suka ƙirƙiro wannan yayi sun auna shi sun ga illarsa, sun kuma fara ja da baya. Bai kamata mu jira sai mun auna shi da rayukanmu ba.